Majina da Bakin Uwa

Akwai abu guda da ban taɓa iya kallo ba tun ina ƙarama, kuma har yau da furfura ta fara leƙo mini ban iya ba: babban mutum ya kafa bakinsa a hancin jariri ya tsotse majina. Ko yanzu da nake rubuta shi sai da na ajiye alƙalamin bik na haɗiye yawu. Duk wanda zai ce mini al'ada ce, ko taimako ne, na ji, ban musa ba. Amma ƙazanta ce, kuma ba zan sake mata suna ba.

Rashin sa'ata shi ne innata gwana ce a wannan aikin. A unguwarmu a Bengou, duk matar da mura ta toshe wa jaririnta hanci, in ba ta da ƙarfin halin yi da kanta, gidanmu take kawo shi. Ni kuwa ni ce ƴar fari, don haka ni ake kira in riƙe hannuwan yaron kada ya yi ta fisge-fisge. Ina wanke-wanke zan ji Inna ta ce, "Ke, zo nan." Ba ta kiran sunana saboda kara, sai dai "ke". Daga jin muryar na san abin da ke jirana, zuciyata ta fara tashi tun ban iso ba.

Sai ta zauna a kan kifaffen turmi, ta kwantar da yaron a cinya, kansa ya ɗan rankwafa baya. Ta sa uwarsa ta tatso ɗigon nono a kowace kafar hanci, ta ɗan jira abin ya yi laushi. Daga nan ta danne kafa ɗaya da babban yatsa, ta rufe ɗayar da leɓɓanta, ta ja a hankali. Ƙarar ce ta fi kashe ni, irin ta mai shan kunu da zafi a bakin ludayi. Ta tofar a kan toka, ta tura wata tokar da ƙafa ta rufe, ta koma ɗaya kafar. Ni ina tsugune dab da ita, riƙe da ƙananan hannuwa, fuskata ba ta fi taƙi ɗaya da tata ba. Ko na runtse ido sai ta ce in buɗe, in lura da yaron. In ta gama sai ta miƙa shi ga uwarsa, ta ɗauki buta ta zagaya bayan rumbu. Takan daɗe a can, sannan ta dawo tana goge fuska da gefen zani ta ci gaba da aikinta.

Duk ranar da aka yi haka ba na shan ruwa da moɗar da ta sha, ba na kuma sa hannu a kwanon da ta sa. Sai in ce cikina ke ciwo. Ta san ƙarya nake yi. Wata rana ta dube ni ta ce da ƙanwarta, "Kin ga ƴar gwamnan gidan nan? Ƙyamata take yi." Suka yi ta dariya. Ƙanwar tata ta ce, "Ƙyale ta, yaya. Ranar da ta haifi nata za ta daina. Uwa ba ta ƙyamar ɗanta, haka Allah ya yi ta." Wannan magana na ji ta ba adadi, daga bakin mata daban-daban, har na yarda da ita. Na ɗauka akwai wani abu a cikin jikin mace da ke barci, ranar haihuwa ya farka, ya share ƙyama kamar yadda ruwan zafi ke share maiƙo.

Da na gama lise, wato sakandare, na shiga makarantar horon malamai a Dosso, aka fara koya mana ilimin halayyar ɗan Adam, sikoloji, don mu san yaran da za mu koyar. Malamin da ke ba mu darasin, mushe kamar yadda muke kiran malamai maza, wani siririn mutum ne mai yawan tari. Ranar farko ya ja layi a tsakiyar allo. Gefe ɗaya, in ji shi, na abin da aka haifi halitta da shi ne, ba wanda ya nuna mata. Taɓa kumatun jaririn da aka haifa yau, zai juyo da baki yana neman nono. Sa masa yatsa a tafin hannu, zai damƙe. Ɗiga masa abu mai ɗaci a harshe, zai yamutsa fuska ya turo shi waje. Ƴaƴan agwagwa da kaza ta ƙyanƙyashe za su faɗa tafki su yi iyo, kazar tana bakin ruwa tana kururuwa. Ɗaya gefen kuma na abin da sai an gani, an ji, an maimaita. Ya nuna ni ya ce, "Ke daga ɓangaren Gaya kike. Harshe nawa kike ji?" Na ce Hausa, da Dandanci na kasuwa, da Faransanci. Ya ce to da an ɗauke ni ina jinjira an kai ni wata ƙasa, da ba ko ɗaya a cikinsu a bakina, amma da na sha nono kamar yadda na sha a Bengou.

Na ɗaga hannu na tambaye shi wane gefe zai sa ƙyama. Ya tsaya ya yi tari, ya ce ita a kan layin take zaune. Harshen da ke ƙin ɗaci da maƙogwaron da ke yunƙurin amai, da su aka zo duniya. Amma abin da za a yi wa ƙyamar, mafi yawansa nuna wa mutum ake yi. Yaro mai rarrafe zai dangwali kashin kaza ya kai baki yana murna, sai ya ga fuskar uwarsa ta canza, ta buge hannun, sannan ya fara gane cewa abin gudu ne. Ya ce, "Ku mutanen iyaka ai kun fi kowa sani. Kwaɗin nan da ake kyafewa ana haye gada da su buhu-buhu, akwai masu lashe yatsa a kansu, ke kuwa na ga kin yamutsa fuska tun ban rufe baki ba."

Na ce masa ni dai ba wanda ya koya mini ƙyamar majina, domin a gidanmu ba wanda ya damu da ita. Ya ce in yi tunani da kyau. Na yi, kuma na tuna wata madam da ta koyar da mu a ƙaramin aji, wadda kullum da safe take jera mu tana duba farce da hanci, duk mai majina ta fito da shi gaba ta sa aji ya yi masa waƙar ƙazami. Ban gaya wa mushe ba, don na ga zai ji daɗi da yawa. Kuma har yau ban yarda madam ce ta shuka mini abin ba. Ta dai yi masa ban ruwa.

Wata ƴar ajinmu mai ciki ta tambaye shi zancen uwa da ɗa. Ya ce jariri yana zuwa da tsotso, uwa tana zuwa da nono da tausayi, amma yadda za a riƙe shi, a goya shi, a yi masa wanka, a kula da shi in ba shi da lafiya, duk mace a wurin wata macen ta gani. Na ce a raina, namiji ne, me ya sani. Na rubuta yadda yake so a jarrabawa, na ci, na ci gaba da yarda da maganar ƙanwar Inna.

Na yi aure, na sami ciki, na koma gida Bengou na haihu kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Mace ce, mai gashi cunkus da ƙaramin hanci irin na ubanta. Na so ta tun daga kukan farko, wannan kam ba sai an koya mini ba. Na zauna ina jiran ɗaya abin, wato ranar da ƙyama za ta bar ni. Kashinta na farko, baƙi mai danƙo, na wanke shi ina toshe numfashi. Tumbuɗinta a kafaɗata ya sa na canza riga ina tsaki. Na ce ƙila sai an yi arba'in.

Muna cikin wankan jego sai ta ɗan kama mura. Na fito daga makewayi na tarar da Inna a kan kifaffen turminta, ƴata a cinyarta, ta riga ta sunkuya. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na ɗauke yarinyar na ce, "Inna, ba a kan wannan ba. Kada ki sa mata baki." Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Numfashinta nake ji yana gurnani." Na ce akwai abin da ake yi da shi yanzu, ƴar roba ce ana matsawa ta zuƙo, da ruwan gishiri na farmasi, mai gidana zai kawo daga Gaya. Na ƙara da cewa bakin babba cike yake da cuta, wanda gaskiya ne, kuma ko yau zan maimaita. Ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta karkaɗe zani ta ce, "To. Ƴarki ce." Robar ta iso washegari, ta yi aiki daidai gwargwado, murar ta wuce. Har na bar gidan Inna ba ta sake taɓa hancin yarinyar ba, ko da gefen zani.

Hutun haihuwa ya ƙare, na koma bakin aiki a wani ƙauye da ke bayan Bana. Ɗakin malamai yana cikin harabar lakwal, wato makarantar da nake koyarwa, can gefen gari, kuma tsakanin ƙauyen da hanyar mota akwai kwari. Mai gidana yana aikinsa a Gaya, sai ƙarshen mako yake zuwa da moto, wato babur. Farkon damina ne, ana dab da rufe lakwal, zafi da sanyin hadari suna karɓeɓeniya, sai mura ta sake kama yarinyar, wannan karon da ƙarfi.

Ruwa ya sauko da asuba kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai da hantsi. Wanda ya san ƙauye ya san abin da ke biyo bayan ruwan shuka. Gari ya watse. Maza, mata, tsofaffi masu sanda, ƴan lakwal ɗina duka, kowa ya ɗauki ƙwaryar iri ya nufi gona. Darakta, shugaban makarantar, shi ma ya kulle ofis ya bi su. Na leƙa waje ban ga kowa ba sai awaki, ina jin rugugin kwarin daga inda nake tsaye.

Yarinyar ba ta sha nono ba tun jiya da yamma, in ban da ɗan abin da ba a rasa ba. Hancin ya toshe gam. Jariri ɗan wata biyu da hanci yake numfashi, balle in bakinsa na kan nono. Sai ta juyo da kai, ta kama da ƙarfinta, ta ja sau biyu, numfashi ya ƙare mata, ta saki tana haki, ta fashe da kuka. Ta sake kamawa, ta sake saki. Abin da mushe ya rubuta a gefen farko na allo ga shi yana aiki a gabana ba kuskure: tana nema, tana kamawa, tana tsotsa. Amma ba ta san yadda za ta dakata ta shaƙi iska ta baki ta koma ba, kuma ba yadda zan yi in gaya mata. Nonona ya cika ya yi tauri yana zuba a riga, ita kuma tana kukan yunwa a kansa.

Na ɗauko robar daga cikin kwandon kayanta, na matsa, na ji iska tana fita ta gefe. Na juya ta. Ɓera ya huda gindinta, ga sawun haƙoransa, ga ƴan kashinsa a cikin kwandon, tsakanin rigunan ƴata. Na yi jifa da ita har ta bugi bango. Na ɗiga ruwan gishiri, na murza auduga na gwada, na kwantar da ita rubda ciki a cinyata. Abin ya yi laushi amma ya ƙi fitowa, sai kumfa yake yi a bakin hancin yana komawa. Na tatsi nono a cokali na ba ta, ta ƙware, ta yi jawur. Tsummanta tun safe bai jiƙe ba, kuma kukan ya fara sanyi.

Na kira mai gidana a salula. Ya ce yana tafe, amma mutane sun gaya masa ko jaki ba ya haye kwarin, sai ruwa ya janye, ƙila da la'asar. Sannan ya ce, "Ko za ki yi mata yadda Inna take yi?" Na ce masa in sauƙi ne ya zo ya yi, ai shi ma da baki aka haife shi. Na kashe.

Na zauna a bakin gado da ita a hannu ina jira. Wallahi jira na yi. Na ce to ga ranar da ƙanwar Inna take faɗa, ga ƴata cikin wahala, yanzu abin nan da ke cikin jikin uwa zai taso ya rufe mini ido, in yi ba tare da na ji komai ba. Na dubi hancin, kore-kore, mai yauƙi. Abin da ya taso shi ne kunun da na sha da safe. Ƙyamar tana nan cif, ba ta ragu da ƙwayar gero ba. Na ji haushin kaina, na ji haushin matan Bengou da suka yi mini ƙarya, har na fara tambayar kaina ko ni ce aka halitta ba daidai ba.

Sai ta sake juyo da baki tana nema, a hankali wannan karon, ba ƙarfi. Na tashi na fita tsakar gida. Ba mu da turmi, sai na kifa bokiti na zauna. Na kwantar da ita a cinya, na ga hannuna na hagu ya tallafi ƙeyarta ya rankwafar da kan daidai yadda ya kamata. Na tatso ɗigon nono a kowace kafa. Na jira, kuma na san tsawon jiran, ban san a ina na ajiye shi duk shekarun nan ba. Na cusa hannuwanta ƙarƙashin zani tunda ba mai riƙe mini. Babban yatsana ya danne kafa ɗaya. Na yi bismilla, na sunkuya, na rufe ɗayar da leɓɓana, na ja a hankali.

Ɗumi ne da shi, da gishiri-gishiri, kuma ya zo gaba ɗaya, guda. Ƙarar da na tsana tun ina ƙarama ta fito daga bakina. Tsigar jikina ta tashi har tafin ƙafa. Na tofar a gefen murhu, ƙafata ta tura toka ta rufe ba tare da na umarce ta ba. Maƙogwarona yana yunƙuri, na danne, na koma ɗaya kafar, domin na san in na tsaya ba zan iya komawa ba. Ta yi atishawa, ta ja iska ta hanci, na ji ta wuce salin-alin. Na sa ta a nono. Ta kama, ta ja, ta ci gaba da ja, ina jin haɗiyarta ƙwat, ƙwat, ƴar hannunta ta damƙe mini yatsa.

Na daure har ta ƙoshi ta saki da kanta. Na shimfiɗe ta, na ɗauki buta, na zagaya bayan ajin ƙarshe, na yi amai har sai da ba abin da ya rage sai ruwa mai ɗaci. Na kurkure baki da gishiri, na kurkure da toka, na tauna asawaki, duk da haka ina jin abin a harshena. Kafin la'asar sai da na sake yi mata, kuma na sake komawa bayan ajin. Da ruwa ya janye mai gidana ya iso jiƙe har ƙugu, muka kai ta wurin lokotoro, wato likita, a Gaya, aka duba ƙirjinta aka ce lafiya lau, mura ce kawai. Na sayi sabuwar roba, har biyu, na sa su a gwangwani mai murfi.

Da aka yi hutu na kai ta Bengou. Ban yi niyyar faɗa wa Inna ba, amma mai gidana ba ya iya riƙe magana, tun kafin in sauke kaya ya ba ta labari. Na zaci za ta yi mini dariya, ta kira ƙanwarta su tuna mini da ƴar gwamna. Ba ta yi ba. Da yamma muna tsinke zogale mu biyu, yarinyar tana barci a tabarma.

Ni na fara. Na ce, "Inna, kun ce in na haifi nawa zan daina jin ƙyama. Ban daina ba. Na yi amai kamar zan mutu. Ke ta yaya ba kya ji?"

Ta ci gaba da tsinke ganye, ba ta dube ni ba. Ta ce, "Wa ya ce miki ba na ji?"

Na ce ai ban taɓa ganin ta yamutsa fuska ba.

Ta ce, "Uwar yaro tana tsaye tana kallona, hankalinta a tashe, sai in yamutsa mata fuska? Ke da kike da boko, me kike zaton nake yi a bayan rumbu da buta?"

Na ajiye zogalen. Rumbun yana nan inda yake, an dai sake masa jinka. Na ce to me ya sa ba ta bari ba, tunda ba dole aka yi mata ba.

Ta ce ita ma kakata ce ta sa ta riƙe hannuwan yara tun tana ƙarama, haka ta iya, kuma wanda ya iya ba ya cewa a'a in an kawo masa jariri ba ya shan nono. Ta kaɗe ganyen da ke cinyarta a cikin ƙwarya. Sannan ta faɗi abin da uwa ba ta faɗa wa ƴar fari, a hankali, tana kallon ƙwaryar.

"A kanki na fara. Cikin ɗaki na ɓoye na yi, kada a ce ba ni da kara. Kuma duk yaran da aka taɓa kawo mini, ba wanda ya kai ki majina."